Filatan ba zai yi a Zinder ba, amma inuwarsa tana samuwa

"Assalamu alaikum Baba. Na yi karatu shekara huɗu a Blida ta Aljeriya. A garin Bufarik da ke kusa da mu akwai wasu manyan itatuwa jere a bakin titi, Faransawa na ce musu platane. Rassansu sun haɗe ta sama, sai mutum ya yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi ba. Yanzu na dawo gida Zinder, kuma mu ƴan fadarmu mun tara ɗan kuɗi za mu dasa itatuwa a layinmu, tun daga masallaci har bakin kwalta. Abokina da ke can ya ce zai aiko mini da iri ko rassa. Shin kala nawa ne itacen nan, wanne ya dace da titi, wanne ya dace da gida, kuma zai rayu a nan?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, kai da ƴan fadarku. Na haura shekara ashirin ina aikin gandun daji, rabinsu a wurin renon dashe, kuma abin da na saba gani shi ne matasa su zo ana jibi 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace a Nijar, suna neman dashen kyauta, ko rami ba su haƙa ba. Masu tara kuɗin aljihunsu, su kuma tsaya su yi tambaya tun rani, ƙalilan ne. Don haka zan ba ka amsa a tsanake.

In na fahimce ka, kana son sanin jinsunan itacen da inda kowanne ya dace, sannan babbar maganar, ko zai rayu a ƙasar Damagaram. Bari in fara da ta ƙarshen don kada in ja maka rai. Ka gaya wa abokinka ya bar rassan nan inda suke. Filatan (haka zan riƙa rubuta shi, yadda harshenmu ke furta shi) ba zai ba ku abin da ka gani a Bufarik ba, kuɗinku da ruwanku za su tafi a banza. Amma irin inuwar da ta shiga ranka ana iya yin ta a layinku da itatuwan da suka san ranarmu.

Dangin filatan

Masana tsirrai suna kiran dangin Platanus. Ƙaramin dangi ne, jinsunansa ba su wuce goma ba, dukansu ƴan arewacin duniya, babu ko ɗaya da asalinsa yake Afirka. Uku daga ciki ne suka cika birane.

Akwai na gabas, Platanus orientalis. Gidansa daga Girka da ƙasashen Balkan ne, ya bi ta Turkiyya zuwa Iran, mutane kuma suka kai shi har Kashmir. Larabawa na ce masa dulb, Farisawa da Turkawa na ce masa cinar. Ganyensa kamar tafin hannu yake, da yatsu biyar ko bakwai, tsagar da ke tsakanin yatsun tana da zurfi. Ƴaƴansa wasu ƙwallaye ne masu gashi kamar girman kanya, suna reto uku zuwa shida a tsinke guda. Ya fi shahara da buɗe rassa da tsawon rai. A kusa da Bursa ta Turkiyya akwai guda ɗaya da ake ƙiyasta shekarunsa sun kai 600, mutane na zama ƙarƙashinsa suna shan shayi kamar yadda muke yi a gindin durumi. Sarakunan Mughal sun cika lambunansu na Shalimar da Nishat a Srinagar da shi. Wannan itacen fili ne, na dandali da harabar masallaci da babban lambun shaƙatawa. In aka matse shi a bakin titi an cuce shi.

Sai na yamma, Platanus occidentalis, ɗan gabashin Amurka, mai bin gaɓar koguna irin su Misisifi da Ohayo. Dogo ne, yana kai mita 30 zuwa 40, rassansa na sama farare tas. Tsagar ganyensa ba zurfi, ƙwallonsa kuma galibi ɗaya ne a tsinke. Amurkawa na kiransa sikamo, sunan da asalinsa na ɓaure ne, wannan ɓauren namu na bakin fadama, alhali ko kusa ba su haɗa dangi ba. A Turai ba a cika dasa shi ba saboda wata cutar ganye da ke cinye tohonsa in yanayi ya yi sanyi da laima.

Na ukun shi ne sarkin titi. A ƙarni na 17 waɗannan biyun suka haɗu a lambunan Turai, barbara ta shiga tsakaninsu, aka sami ruwa-biyu da ake rubutawa Platanus × hispanica, wasu su ce acerifolia, jama'a kuma su ce filatan ɗin Landan. Kamar alfadari yake wajen fin iyayensa juriya, sai dai shi yana haihuwa. Ƴaƴan da suka tsiro daga irinsa ba sa fitowa kama ɗaya, shi ya sa masu reno suka fi yanka reshe su dasa, don a sami jeri mai tsawo ɗaya da siffa ɗaya. Galibin waɗanda Faransawa suka jera a titunan Aljeriya da Maroko shi ne. In kana son tabbatarwa, ka ce abokinka ya ɗaga kai ya ƙirga ƙwallayen: in bibbiyu ne a mafi yawan tsinkayen, to shi ne.

Sauran dangin suna Kalifoniya, Arizona da Meksiko, da wani guda a dazukan Laos da Biyetnam wanda ganyensa ba shi da yatsu. Ba a cika ganinsu a wajen ƙasashensu ba.

Abin da birane suka gani a jikinsa

Lokacin da na je wani horo a Maroko, na tsaya gindin wani filatan a garin Ifran na sa farce na ɓanɓari ɓawonsa. Ya fita fale-fale kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ƙasansa fari mai ratsin kore, da santsi da sanyi kamar bayan randa. Duk jikin itacen dabbare-dabbare kamar kakin soja. Wannan saɓar da yake yi kowace shekara tana cikin abin da ya sa ya jure Landan ta ƙarni na 19, lokacin da hayaƙin gawayin kwal ke kashe sauran itatuwa: dattin da ya manne masa yana zubewa tare da tsohon ɓawon, ruwan sama kuma ya wanke ganyen. Waɗanda aka dasa a dandalin Berkeley na Landan a 1789 har yau suna tsaye. A Paris, da gwamnan yankin birnin mai suna Haussmann ya fasa manyan tituna tsakanin 1853 da 1870, an jera shi da yawa, kuma har yanzu shi ya fi kowane itace yawa a bakin titunan birnin.

Yana jure ƙasar da aka taka ta taurare. Yana jure sassabe, har akan sare kansa duk bayan ƴan shekaru ya sake tofowa, shi ya sa za ka ga wasu da dunƙulallun rassa kamar an yi musu damƙa. Ana iya tumɓuke shi yana babba a sake masa wuri ya kama. Da zafi ya ba su inuwa mai kauri, da sanyi ya zubar da ganye rana ta shiga gidaje, abin da mutanen can ke nema ido rufe.

Yana da nasa aibin. Saiwarsa na ɗaga daɓen gefen titi, tana shiga bututun ruwa. Ganyensa ba ya saurin ruɓewa, yana toshe magudana. Sabon ganye da ƙwallayen suna sakin wani gashi mai laushi da ke sa tari da ƙaiƙayin ido, masu aikin sassabe sun fi kowa shan wahalarsa. Ka haɗa wannan da ƙurar hunturunmu, ka tuna masu ciwon fuka a unguwa. Game da tambayarka ta gida kuwa, amsar gajera ce: ko a Turai ba a sa shi a ƙaramin gida. Itacen da zai haura mita 30 ba na tsakar gida ba ne.

Me zai hana shi a nan

Duk inda ka sami filatan a dajin asalinsa, a bakin ruwa za ka same shi: gaɓar kogi, ƙoramar dutse, kwari mai danshi. Ko na Arizona, da yake ƙasar hamada ce, a cikin kwazazzaban da ruwa ke gudu yake tsayawa, ba ya fita fili. Bufarik ɗin da ka gani ma, kafin Faransawa su kafa garin a wajajen 1836, fadama ce mai sauro a filin Mitija. Ruwa na kusa da saiwa, kuma damunarsu da sanyi take zuwa, ƙasa ta sha ta ƙoshi kafin ganye ya fito.

Mutane kan ruɗe da lissafin ruwan sama. Landan tana samun kusan milimita 600 a shekara, Zinder kuma wajen 400, sai a ce ai tazarar ba yawa. Ganin kitse ake wa rogo. Nasu ruwan yana sauka kaɗan-kaɗan duk wata goma sha biyu, cikin sanyi da gajimare. Namu yana zubowa cikin wata uku, daga nan sai wata tara ba ɗigo, kuma ƙarfin rana da iska a nan ya isa ya busar da ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara. Ganyen filatan ya kai faɗin hannun babban mutum ko ya fi, ga shi falale. Dubi ganyen itatuwan dajinmu, aduwa, bagaruwa, gawo, tsamiya, duk ƙanana ne ko masu tauri, don tsimin ruwa. Babban ganye a watan Afrilu, da zafin da ke haura digiri 40 da busasshiyar iska, kamar shanya jiƙaƙƙen zane ne a rana.

Sannan ga maganar da aka fi mantawa da ita, wato barci. Filatan yana aiki da agogon ƙasashen sanyi. In rana ta fara gajarta ya zubar da ganye ya kwanta, kuma tohonsa yana buƙatar makonni na sanyi na gaske kafin ya farka gaba ɗaya. A Paris yinin Yuni ya kai awa 16, na Disamba wajen awa 8. A nan bambancin bai kai awa biyu ba, sanyinmu kuma na dare ne da asuba, da hantsi ya yi ya wuce. Itacen sai ya rikice, bai yi barci sosai ba, bai farka sosai ba. In ma ya bi agogonsa, zai fito da sabon ganye a Maris da Afrilu, daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Gawo ya fi shi sanin garin nan nesa ba kusa ba: yana riƙe ganye da rani don saiwarsa ta nutsa ta tarar da ruwa, ya zubar da damina ya bar wa hatsi rana. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka kafa doka mai tsanani a kan saransa.

Wani zai ce to Tehran fa? Gaskiya ne, ruwan saman Tehran bai kai na Zinder ba, amma titin Waliyul Asr mai tsawon kilomita sama da 17 jere yake da cinar. Sai dai ka dubi gindinsu. Akwai magudanar ruwa da ke bin layin itatuwan, ruwan ƙanƙarar duwatsun Alborz ne ke gangarowa. Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,000, dusar ƙanƙara na sauka da hunturu. Kuma da ruwan magudanan ya ragu, da yawa daga cikin itatuwan sun bushe. A Afirka ma inda ya yi kyau ko dai bakin Bahar Rum ne ko tuddai masu sanyi, irin Ifran mai wajen mita 1,650 da Johannasbag mai wajen 1,750. Mu ba mu kai mita 500 ba.

Ka ƙara da ƙasar garinmu. Ka san duwatsun tsohuwar unguwar Birni, ai ba a sama kawai suke ba, garin a kan falalen dutse yake zaune. Shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Garin da mata ke kwana a layin famfo da bazara, ƴan garuwa na tsada, ba zan ba da shawarar a kawo masa itacen bakin kogi ba.

Na gwada da hannuna. Da zan dawo daga Maroko na zo da iri a ambulan, abin da yau ba zan yi ba sai da takardar masu duba lafiyar tsirrai. Na shuka a leda cikin Disamba ƙarƙashin rumfar zana, suka tsiro, ganyen farko ya buɗe da yatsunsa, na yi murna ƙwarai. Da Afrilu ya kama sai bakin ganyen ya fara ƙuna, ya naɗe, ya koma launin ƙasa, alhali safe da yamma ana ba su ruwa. Damina ta farfaɗo da wasu. Na kai waɗanda suka rage wani lambu a Mirya inda ruwa ke kusa. Sanyi ya zo ba su zubar da ganye yadda ya kamata ba, tohon shekara ta biyu ya fito a rarrabe, nan reshe ya tofo can reshe ya ƙi, daga baya gara ta sami saiwar da ta raunana. Babu wanda ya ga damina ta uku. Gwaji ɗaya ne, na mutum ɗaya, da iri daga itace ɗaya, don haka ba zan rantse cewa babu wani lungu mai dausayi a kwarin Korama na kudu da Zinder da mai haƙuri zai raya guda ba. Amma raya itace guda a lambu daban, jera talatin a layin da awaki ke yawo daban.

Dalilin da ya sa na ce kada a aiko da rassa

Akwai wata cuta ta naman gwari, Ceratocystis platani, da ta shiga kudancin Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, a jikin akwatunan katako na kayan sojojin Amurka. Tana shiga ta rauni, ta toshe jijiyoyin ruwan itacen, ta kashe ƙato cikin ƴan shekaru, kuma ba ta da magani. Zarto da gatarin da aka sari mai ciwo da su suna kai ta ga mai lafiya, ruwa ma yana ɗaukar ta. A mashigin ruwan kudancin Faransa da ake kira Canal du Midi a da akwai filatan kusan 42,000 a gaɓa biyu. An gano cutar a wurin a 2006, tun daga nan ake sare su dubbai ana ƙonawa. Abin da ya sa ta ci su kamar wutar daji shi ne jinsi ɗaya ne, kusan jini ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, saiwa na taɓa saiwa. Yanzu da suke sake dashe, gauraya jinsuna suke yi. Ɗanyen reshe a cikin jaka hanya ce ta shigo da ƙwari da cututtukan da ba mu da su, shi ya sa ake neman takarda kafin a tsallako iyaka da shi.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, domin mu ma muna da namu filatan ɗin, wato bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina. Baƙo ne daga ƙasashen Indiya da Bama, cikin ƙarni na 20 ya shigo Afirka ta Yamma, ya karɓi ƙasar har yara sun ɗauka ɗan gida ne. Da shi aka yi katangun tare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa tun daga 1975. Amma a shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabe shi a yankin tafkin Cadi, a farkon shekarun 1990 kuma muka ga bedi da yawa a Nijar suna zubar da ganye, ganyen ya rage a ƙarshen reshe kawai kamar wuyan raƙumin dawa. Hankalin ma'aikata ya tashi a lokacin, don an ga cewa in bedi ya tafi garuruwanmu za su zauna tsirara. Allah ya kiyaye, abin ya lafa. Tun daga nan ba na yarda a dasa layi guda da jinsi ɗaya tal.

To me za ku dasa

Abin da ya burge ka a Bufarik, in ka duba da kyau, aiki ne na mutane: an ja layi, an bar tazara daidai, an haƙa rami mai kyau, an ɗaga rassan ƙasa tun itacen na ƙarami har suka haɗe a sama, sannan aka bar shi shekaru aru-aru ba wanda ya sare shi. Duk wannan yana hannunku.

Wanda ya fi kama da filatan a girma da kwarjini shi ne maɗaci. Da shi aka jera tsofaffin titunan Bamako da Wagadugu da Bobo Julaso, kuma inuwarsu ba ta gaza ta Bufarik ba. Sai dai asalinsa ƙasashen da suka fi mu ruwa ne, yana son ƙasa mai zurfi da ban ruwa a shekarun farko. In layinku yana da faɗi, babu wayar lantarki a sama, kuma kun haƙa mita guda ba ku tarar da dutse ba, ku sa shi, tazarar mita 10 zuwa 12. Babban abokin gabansa masu sassaƙe ne. Na sha ganin maɗaci mai shekara arba'in an zagaye gindinsa da wuƙa don magani har ya mutu a tsaye. In za a ɗiba, a ɗibi ɗan tsiri ta gefe ɗaya, kada a kewaye. Wannan magana ce da mai unguwa da liman za su faɗa da bakinsu.

Bedi shi zai zama ƙashin bayan layin, don shi ne mai saurin ba da inuwa, shekara huɗu ko biyar an fara shimfiɗa tabarma. Ku ba shi mita 6 zuwa 8, ku nisanta shi da katanga da salga. A ƙofar masallaci ni tsamiya zan sa. Tana da nawa wajen girma, wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa, amma inuwarta sanyi gare ta, iska ba ta karya ta da sauƙi, ga kunun azumi. Wasu tsofaffi ba sa son ta kusa da gida saboda maganar aljanu, don haka ku nemi yardar maƙwabta tukuna, kada a wayi gari an tumɓuke. In akwai ɗan fili inda fadarku ke zama, cediya ko durumi. Su ne namu cinar ɗin. Reshe mai kaurin damtse ake yankowa a kafa da farkon damina ya kama. Saiwarsu dai ba ta da kunya, tana fasa daɓe da ginin ƙasa, a ba su aƙalla mita 10 daga kowane gini. Inda kuka san ba mai iya kai ruwa kullum, aduwa ko kurna, waɗanda ba sa roƙon kowa.

Itacen nan mai rassa hawa-hawa da ake ce wa etajer, ɗan Madagaska, yana da kyau a ido kuma ya shiga yayi, amma mashayin ruwa ne, saiwarsa a sama-sama take. Ɗaya a ƙofar gida mai famfo ya isa. Itacen turare (eucalyptus) ku bar shi, inuwarsa ba kauri, yana kuma shanye danshin maƙwabtansa. Dabino da giginya ado ne, inuwar giginya na nesa ka sha.

Kafin ku sayi dashe ko ɗaya ku yi lissafin ruwa. Kowane dashe yana son bido mai lita 25 sau biyu a mako, daga Oktoba har ruwa ya sauka, rani biyu a jere. Itace 30 ke nan bido 60, lita 1,500 duk mako. In ba za ku iya ba, ku dasa 12 su rayu. Ruwan alwalar masallaci kada ya tafi a banza, ku ja masa ƴar hanya zuwa gindin itace biyu ko uku. Ruwan wankin hatsi da na ɗauraya ma yana yi, ban da mai omo da yawa. Dabarar da na fi so ita ce tsohon tulu marar fenti: a binne shi har wuya a gefen dashen, a cika, a rufe bakin da fai-fai ko ɗan dutse. Yana tsatsa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta sha ba.

Ramin ya zama santimita 60 zuwa 80 kowace fuska, a haƙa shi tun Mayu. A gauraya ƙasar sama da takin da ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki gara yake kira. Ɗan toka da dakakken ƴaƴan bedi a cikin ramin suna rage ta. Ku dasa cikin Yuli da zarar ruwa ya zauna, kada ku jira bikin 3 ga Agusta, makonni uku na damina ba ƙaramin abu ba ne ga jaririn itace. A yanke gindin ledar da reza, a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta naɗe kamar gammo a datse wurin. Na tono matattun dashe ba adadi na tarar da su cikin ledarsu. A bar ɗan kwari a gindi don ya tare ruwa.

Kariya kuwa ita ce rabin aikin. Akuyar gari ba ta barin ganye, ta fi fari ɓarna. Keji na bulo mai tagogi ya fi daɗewa, tsohon tano da aka fasa gindinsa yana yi amma yana ɗaukar zafi, sai a huhhuda shi. Ƙaya ita ce mai araha, sai dai masu neman makamashi na zare ta. Tsawon kariyar ya kai ƙirjin mutum, kuma kuɗinta ya fi na dashen, ku sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Sauran aikin na almakashi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a bar kai ɗaya ya miƙe, kowace shekara a cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan, har gindi ya yi tsawon da mota da raƙumi mai kaya za su wuce. Daga nan a bar na sama su buɗe su tarar da na tsallaken titi. A yi yankan da kaifi, dab da jiki ba tare da an ci jikin ba, kuma a goge bakin zarto da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma itace na gaba. Wannan darasin daga masu filatan muka koye shi, kuma yana yi wa bedi da maɗaci amfani.

Abin da na ga ya fi raya dashe a unguwanni shi ne kowane itace ya zama yana da mai shi. Ku bi gida-gida, wanda ya yarda a sa a ƙofarsa shi ke da ban ruwa, ku kuma ku ɗauki nauyin keji da sassabe. Ku je ma'aikatar magajin gari da ofishin gandun daji su nuna muku iyakar titi da inda bututu ya bi kafin ku sa diga.

Ban ga layinku da idona ba, kuma ƙasar Zango ba ɗaya take da ta Birni ko ta Garin Malam ba. Ku haƙa ramin gwaji uku, ɗaya a wajen masallaci, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin kwalta. Ka rubuto mini zurfin da kuka kai kafin dutse, da faɗin layin daga katanga zuwa katanga, da ɓangaren da wayar lantarki ta bi, sai in gaya maka wane itace zai tsaya a ina.